Wane ne Sale? Ƙananan kalmomin Ingilishi masu kama da juna



Wani abokina manomi ya yi shekara 2 yana karatun manya. Yana karanta jarida, yana rubuta wasiƙa da hannunsa. Da rani ya tafi Kano neman kuɗi. Da ya komo gida sai ya ce mini: "Malam, akwai wani attajiri a Kano, sunansa Sale. Ban taɓa ganin mai dukiya irin tasa ba. Ka ga gida, an rubuta Sale. Ka ga fili, an rubuta Sale. Har tsohuwar mota a bakin hanya, ita ma ta Sale ce."

Na yi dariya, amma ban raina karatunsa ba. Ya karanta daidai, harafi bayan harafi. Abin da bai sani ba shi ne, kalmar ba Hausa ba ce. Ingilishi ce. Ana faɗinta "sel", ma'anarta kuwa sayarwa. In an rubuta FOR SALE a jikin abu, ana nufin abin na sayarwa ne. Wanda ya yi lakwal kuma zai gaya muku, a Faransanci waɗannan haruffa 4 suna nufin abu mai dauɗa.

Haruffan da muka koya don rubuta Hausa, kusan duk su ne Ingilishi yake aiki da su. Saboda haka idonmu yana iya karanta kalmar Ingilishi, ko ba mu san abin da take nufi ba. A nan riba take, a nan kuma haɗari yake.

Ingilishi bai yi mana nisa ba. Iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1500, kuma Ingilishi ne harshen hukuma a can. Mutanen Maraɗi suna shiga ta Jibiya, na Ƙonni ta Illela, na Matamai ta Daura. Wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba ma, kaya suna iske shi har gida: magani, sabulu, taki, ashana, wayar salula, duk da rubutun Ingilishi a jiki. A cikin watan Maris na 2025 kuma, babbar takardar dokar ƙasarmu ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki.

Ba za mu koyi Ingilishi duka cikin jarida guda ba. Ƙananan kalmomi za mu duba, masu haruffa 3 ko 4. Za mu rubuta su da manyan baƙaƙe, don haka aka fi ganinsu a jikin kwali da bango.

Kai daban, wutsiya guda

Ku duba waɗannan kalmomi namu: dawa, rawa, wawa, yawa. Wutsiyarsu guda ce. Kai ne kawai ya bambanta. Wanda ya iya karanta dawa, ba ya shan wuya wajen karanta rawa. Amma dawa abinci ce, rawa wasa ce, wawa kuwa mutum ne da ba ka so a kira ka da shi. Kamar ta tsaya ga rubutu da faɗi, ba ta kai ga ma'ana ba.

Haka ƙananan kalmomin Ingilishi suke. In ka riƙe wutsiya guda, ka samu kalmomi 5 ko 6 a tashi ɗaya. Sai dai kowace da ma'anarta, sai an koye ta ita kaɗai.

Mu fara da masu wutsiyar AN, don su ne suka fi ruɗa Bahaushe.

Ga CAN. Kowa zai karanta ta kamar yadda muke cewa "ga shi can". To, ba haka ba ne. A Ingilishi, in C ya zo gaban A, ko O, ko U, ana faɗinsa K. Ke nan "kan" za ka ce. Tana da ma'ana 2: iyawa, da kuma gwangwani. In suna son ƙarar C irin tamu, ta ciki da cokali, sai su rubuta haruffa 2, C da H.

Ga MAN. Mu mun san man gyaɗa, man shanu, man shafawa. Su kuwa MAN namiji ne babba. In maza suna da yawa, sai A ya koma E, a ce MEN. Wannan za ku gan ta a ƙofar makewayi a tasha ko asibiti. Ƙofar mata an rubuta WOMEN. Ku lura da kyau, don MEN tana nan a cikinta. Wanda ya yi gaggawa, ya karanta wutsiya bai duba kai ba, zai shiga inda zai ji kunya.

RAN ba ran kasuwa ba ce. Tana nufin wani ya yi gudu. BAN kuma ba "ban sani ba" ba ce. Hani ne na hukuma, wato an hana shigar da wani kaya ko yin wani abu. Ƴan kasuwanmu sun ɗanɗana ma'anarta lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, musamman don hana shigar shinkafar waje.

Saura 3, su ne PAN, FAN da VAN. PAN kwanon suya ne. FAN fanka ce, ko mafici. VAN ƙaramar motar kaya ce rufaffiya. A nan sai mun ɗan dakata, don haruffan Hausa ba su da P, ba su da V. Ingilishi yana da haruffa 26. A cikinsu akwai P, Q, V da X da ba mu aiki da su. Su kuma ba su da namu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Mu kanmu ba mu faɗin F iri ɗaya. Wani ya ce fara, wani ya ce hwara, wani ma para, kuma duk mun gane ƙwaron da ke cin hatsi ake nufi. A Ingilishi ba a yin haka. In ka musanya, ma'ana ta gudu. Don faɗin P, ka rufe leɓɓa kamar za ka ce B, sannan ka sake su da ɗan huci. Don faɗin F, ka ɗora haƙoran sama bisa leɓen ƙasa, ka hura. V kamar F yake, sai dai maƙogwaro yana rawa. Bakin babban mutum ba ya saurin sabawa da wannan, ni ma har yau nakan zame. Ba laifi. Mu karatu muke so. In kunne ya kasa rabawa, ido yana iyawa: P yana da rufaffen kai, F nasa a buɗe yake.

Harafin U mai rigar aro

SUN da GUN su ma sun yi kama da Hausa. "Sun tafi gun sarki." Amma a Ingilishi SUN ita ce rana ta sama, GUN kuwa bindiga. RUN gudu ne. Abin mamaki, U ɗin nan ba a faɗinsa U. Ya fi kusa da gajeren A namu. Sai ka ce "san", "gan", "ran". In kun ji ƴan kudancin Najeriya suna karkata shi wajen O, su ce "son", kada ku ruɗe, kalmar ce dai.

Muna da shaida a bakinmu. Motar da muke kira bas, a rubuce BUS ce. Gam da ake liƙa takarda da shi, a rubuce GUM ne, kuma shi ne wutsiyar cingam da yara suke tauna. Waɗanda suka ari kalmomin nan da kunne suka ara, ba da ido ba, shi ya sa suka kama ƙarar daidai.

Haka CUT, "kat", yanka. Haka SHUT, "shat", rufe. Haka BUT, "bat", amma. Sai ga PUT, mai nufin ajiye ko saka, ta ƙi bin ƴan'uwanta. Ita U ɗinta U ne sosai kamar namu.

Me ya kawo wannan? Rubutun Ingilishi tsoho ne. An kai injin buga littattafai Ingila a shekarar 1476. Daga nan rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri guda, amma baki bai tsaya ba. Faɗin kalmomi ya yi ta sakewa, rubutu yana nan yadda aka bar shi. A da, CUT da PUT ƙararsu ɗaya. Har yau mutane da yawa a arewacin Ingila haka suke faɗinsu. Ga shi kuma wasulansu a rubuce 5 ne kamar namu, amma a baki sun kai wajen 20. Harafi ɗaya yana ɗaukar kayan jaki 3 ko 4.

Rubutunmu na boko yaro ne a kan nasu. Cikin shekaru 100 da ƴan kai da suka wuce aka tsara shi, aka kuma sake zama a kansa a Bamako a 1966. Shi ya sa abin da muka rubuta shi muke faɗi. A nan mun fi su sauƙi ƙwarai.

Masu wutsiyar AT ba su da wuya. CAT kyanwa, RAT ɓera, HAT malafa, MAT tabarma, FAT kitse ko ƙiba. Kyanwa da ɓera, harafi ɗaya ya raba su.

Kalmar da ke juya magana

HOT zafi ne. POT tukunya. ROT ruɓewa. Waɗannan ku riƙe su in kun iya. Amma ta 4, wato NOT, ita dole ce. In da za a ce in zaɓi kalma guda cikin jaridar nan, ita zan zaɓa.

NOT ita ce "ba" tamu ta ƙin abu. Ƙarama ce, amma duk maganar da ta shiga sai ta kife ta. FOR SALE, na sayarwa ne. NOT FOR SALE, ba na sayarwa ba ne. A biranen Najeriya za ku ga an rubuta haka a bangon gida da manyan baƙaƙe. Mai gida ne yake tsoron ƴan damfara, masu sayar wa baƙo gidan da ba nasu ba.

Mu a ƙauye, a wani wuri muke gamuwa da ita. Kayan taimako sau da yawa suna ɗauke da wannan rubutu: gidan sauro, buhun hatsi, abincin yara masu tamowa, wasu magunguna na gidan likita. An aiko su ne a raba kyauta. In ka iske su a rumfar kasuwa ana cewa ka kawo jika 2, ka san hanya suka ɓata. Wataƙila ma rabon garinku ne ake sayar muku. Wanda ya iya karanta haruffan nan 3 yana da bakin tambaya. Ƴan'uwa mata, ku da kuke kai yara awo, wannan taku ce kafin kowa.

In DO ta zo gaban NOT, sun zama "kada". DO NOT EAT, kada a ci. EAT ita ce ci, ana faɗinta da I mai tsawo, don E da A in sun haɗu sau da yawa haka suke yi. Ƴan'uwanta su ne MEAT nama, HEAT zafin wuta ko na rana, SEAT wurin zama. Ku nemi wannan gargaɗi a jikin buhun irin shuka. Irin da aka gauraya da maganin ƙwari, sau da yawa ana rina shi ja ko kore don a gane. Na shuka ne kawai. Ba a daka shi, ba a bai wa kaji ko awaki, ko an wanke shi.

NO kuma a'a ce, ko babu. Amma in kun gan ta da ɗigo a bayanta, ga lambobi suna biye, to ta zama "lamba". A kwalin maganin Najeriya za ku ga sunan NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don duba abinci da magani, sannan No. da lambar rajista. Wannan ba ya nufin hukumar ta ce a'a. Lambar yardarta ce. GO tafi ce, tana tafiya da NO wajen faɗi. DO da TO kuwa "du" da "tu" ake ce musu. Ga PUT ta samu abokan taurin kai.

Magani da magani

A Hausa, abin da ke warkar da mutum magani ne. Abin da ke kashe ɓera da gyare shi ma magani ne. Kalma ɗaya muke ba su. A Ingilishi ma sun kusa haɗuwa, amma a rubutu.

ILL rashin lafiya ce. Sa mata P a kai, ta zama PILL, ƙwayar magani ta haɗiya. Sa mata K, ta zama KILL, kisa. L guda 2 a rubuce, amma ɗaya ake faɗi. A jikin gwangwanin feshi da kwalbar maganin gona za ku ga KILLS, da S a ƙarshe, sannan hoton sauro, ko kyankyaso, ko tsutsa. Ma'ana, yana kashe su. Abin da ke kashe ƙwaro yana iya kashe yaro. In kuma ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa 2 a gicciye, ba a bukatar wani karatu, guba ce mai ƙarfi. Kada a zuba ta cikin kwalbar lemo, kada a ajiye ta kusa da hatsi ko randa. Kwalbar da ta ƙare ma ba ta komawa ta mai ko ta nono.

Sauran ƴan gidan su ne FILL cikawa, MILL injin niƙa, BILL takardar kuɗin da ake bin ka. Ga P da F sun sake haɗuwa, PILL da FILL. Ido dai.

Mu koma gun Sale. Me ya sa ba a faɗin E na ƙarshe? Shekaru ɗaruruwa da suka wuce ana faɗinsa a kalmomi da yawa. Baki ya yar da shi, rubutu ya riƙe. Yanzu ya zama kamar ɗan saƙo: shi ba ya magana, amma yana sake ƙarar wasalin da ke tsakiya. HAT malafa ce. Ƙara mata E, ta zama HATE, "het", ƙiyayya. CAN ta zama CANE, "ken", sanda ko karan rake. NOT ta zama NOTE, takardar kuɗi ko gajeren saƙo. Wannan ta ƙarshe a kiyaye ta, don NOTE ba ta hana kome.

Ɗan'uwan SALE shi ne MALE, namiji. A takardun cikawa na Najeriya da Ghana za ku gan shi tare da FEMALE, mace. Nan ma sunan namiji ya ɓuya cikin na mace.

Akwai kuma GATE, babbar ƙofa, wadda ƴan tasha suke ce wa get. LATE, makara, daga nan muka samu latti. RATE, farashin canji. Wanda ya taɓa canza sefa zuwa naira a bakin iyaka ya ji ta a bakin ƴan canji. Sai DATE, "det". Tana nufin dabino, amma ba don dabino muke nemanta ba. Ita ce kwanan wata.

A jikin kwalin magani sau da yawa akwai kwanan wata 2. Ɗaya yana bayan MFG ko MFD, shi ne lokacin da aka yi maganin. Ɗaya yana bayan EXP, shi ne lokacin da ƙarfinsa yake ƙarewa. In an rubuta EXP 06/2027, maganin yana da kyau har ƙarshen wata na 6, wato Yuni, na shekarar 2027. Bayan nan a bar shi. Mai tallar magani a kan tire ba zai nuna maka wannan ba, musamman in kayansa sun kwana. Kai za ka juya kwali ka duba. In an kankare wurin, ko an liƙa wata takarda a kai, ka mayar masa da abinsa.

Kada a haɗa DATE da DAY. DAY, "de", yini ne. Ita ce ke faɗin sau nawa ake shan magani a yini. Amma yawan abin da za a sha, musamman na yaro, ba daga kwali kaɗai ake ɗaukarsa ba, a tambayi likita. Ƴan'uwan DAY su ne PAY biya, SAY faɗi, WAY hanya. ONE WAY ita ce hanyar da mota ba ta bi sai ta fuska ɗaya, direbobi sun mayar da ita wanwe.

Wata kalmar ma da muke takawa kullum daga nan ta fito. TAR baƙin danƙo ne da ake shimfiɗawa a hanya. An haɗa ta da sunan gawayin ƙasa, COAL TAR, bakinmu ya mayar da su kwalta. FAR nisa ce. CAR ƙaramar mota, ko da yake a Faransanci babbar motar fasinja ake kira haka. WAR yaƙi ne, ita kuma ta fita daga layi, ana faɗinta kusa da "wo".

Saƙon da ke shigowa waya

IN ba "in ka zo" ba ce. Ciki take nufi. Abokiyar gabarta OUT, waje. Ana rubuta su a ƙofofin banki da asibiti, ta shiga da ta fita.

Daga IN aka samu TIN, gwangwani, ko kuza da ake haƙa a ƙasar Jos. BIN kwandon shara. KIN dangi. Dukansu 3 Bahaushe zai iya ɗaukarsu nasa. Amma 2 da nake so ku riƙe su ne WIN da PIN.

WIN cin nasara ce, ko cin kyauta. PIN asalinta fil ne, ɗan tsinken ƙarfe na maƙale tufa. A waya da banki kuwa, PIN ita ce lambar sirri da ke buɗe kuɗinka. Ƴan damfara suna son haɗa kalmomin nan 2 cikin saƙo guda. Za su rubuto cewa ka ci kyauta, kuɗi ko babur. Daga baya su ce ka aiko da lambarka ta sirri, ko ka tura ɗan kuɗi kafin a sako maka kyautar. Kalmar aikawa ita ce SEND, "ƙarshe" kuma END, ba da rance LEND.

Ni kaina an taɓa aiko mini irin wannan da dare. Na karanta, zuciyata ta ɗan yi tsalle, ba zan ɓoye muku ba. Sai na tambayi kaina, yaushe na shiga gasa har na ci? Ban shiga ba. Kamfanin waya na gaskiya da banki na gaskiya ba su tambayar lambar sirri ta saƙo ko ta kira. In ka ga WIN a sama, PIN a ƙasa, ka goge. In ba ka gane saƙon ba, ka nuna wa wanda ka yarda da shi, amma lambar kada ka faɗa masa shi ma.

A wayar dai za ku ga CALL, kira, ana faɗinta "kol". In an cire C, ta zama ALL, duka. Wannan ma a yi hankali da ita. In waya ta tambaye ka ko za a goge ALL, to duk sunaye ko duk hotuna take nufi, ba ɗaya ba. BALL ƙwallo ce, WALL bango, FALL faɗuwa.

Yadda za a yi a wurin karatu

Ba sai an sayi littafi ba. Kowa ya zo da kwali ko leda da aka gama da ita: ta sabulu, ta ashana, ta magani, ta shayi. Ban da kwalbar guba, wannan malamin gona ne zai nuna ta daga nesa. Malami ya rubuta wutsiya guda a allo, kamar ILL ko AN. Masu karatu su nemo kalmomin da ke ɗauke da ita a jikin kayansu. Wanda ya samu ya tashi ya rubuta ta ƙarƙashin ƴan'uwanta, a faɗi ma'anarta da Hausa. Wutsiya guda a mako ta isa. Wanda ya kwashi 10 a yini, gobe ba zai iske ko ɗaya ba.

Don lafazi, ku nemi yaran garinku da suke kwaleji, ana koya musu Ingilishi a can. Babba kada ya ji nauyin tambayar ɗansa. Waɗanda suka daɗe suna cin rani a Legas ko Kumasi su ma suna da kunne, ko da ba su iya rubutu ba. Su su faɗa, ku ku rubuta.

Akwai 2 da kusan kowa yake taɓawa kullum bai karanta ba. Suna jikin rediyo, da tocila, da injin ban ruwa. ON, a kunne. OFF, a kashe. Kafin a sa hannu cikin injin niƙa ko na ban ruwa, a tabbata maɓalli yana kan OFF. Ku ƙidaya F ɗin, guda 2 ne. Mai F ɗaya, wato OF, wata kalma ce daban. Ita tana nufin "na" ko "ta", kamar yadda za ku gan ta a jikin takardar naira, tsakanin sunan banki da sunan ƙasa.